Me ya haɗa kaska da sukari?

Wani ɗalibi da ke koyon aikin gwaje-gwajen asibiti ya aiko da wannan tambaya: "Malam, malaminmu ya ce a aji wai sukari ne mabuɗin cututtukan da kaska ke yaɗawa, kafin ya yi bayani lokaci ya ƙure. Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma kullum yana cikin shanu. Ya fi sauran mutane shiga haɗari ke nan? Sannan da gaske ne cizon kaska kan hana mutum cin nama?"

Ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka da ka damu har ka tambaya. Bari in fara da abin da ya tayar maka da hankali. Kaska ba ta jin ƙanshin sukari a jini. A ƙafafunta biyu na gaba akwai wani ɗan gurbi da take shinshina da shi, shi ya sa za ka gan ta a kan tsinken ciyawa ta ɗaga su sama tana jira. Abin da take nema shi ne iskar da dabba ke fitarwa in ta yi numfashi, da ɗumin jiki, da warin fata. Mai ciwon sukari da wanda ba shi da shi duk ɗaya ne a wurinta. Da Hausawa suka ce kaska raɓi mai jini, sun faɗi daidai: jinin take so, ba ruwanta da zaƙinsa.

Inda Baba yake buƙatar kula shi ne ramin da cizon ya bari. Bakin kaska yana da ƙayoyi masu kallon baya, kuma babbar nan mai zanen ado a gadon baya, wadda ke addabar shanu da damina, bakinta dogo ne. In aka fizge ta da ƙarfi takan bar guntun bakin a cikin fata. A jikin mai ciwon sukari, musamman a ƙafa, ɗan rauni irin wannan kan ƙi warkewa, ya ɗuri ruwa, ya koma gyambo. Kuma duk zazzaɓin da ya kama shi, na kaska ne ko na sauro, yakan birkita masa awon sukari. Saboda haka a riƙa duba masa ƙafafu da matse-matsi duk yamma in ya dawo daga garke.

Sukarin da malaminku yake nufi wani ne daban, kuma gaskiya ya faɗa.

A wurin masana sinadarai, sukari sunan dangi ne. Na shayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai gulukos da ke yawo a jini, akwai galaktos na cikin madara, akwai mannos, da fukos, da sayalik asid, da wani ɗan'uwan gulukos mai ɗauke da naitirojin wanda da shi ake gina ɓawon ƙwari. Waɗanda jikin mutum ke gini da su kusan goma ne. Jiki yana ɗinka su ɗaya bayan ɗaya su zama sarƙa mai rassa, ya dasa ta a kan furotin ko a kan kitsen da ke bangon ƙwayar halitta. Sunan sarƙar gilaikan. Babu wata ƙwayar halitta a jikinka, ko a jikin saniya, ko a jikin kaska, da take tsirara. Kowace tana lulluɓe da waɗannan rassa kamar gashi.

Ka san tsagar gado. Aska ɗaya wanzami yake riƙewa, fatar fuska kuma iri ɗaya ce, amma yadda aka jera layukan shi ke gaya maka wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan kuma Babarbare. Haka sarƙoƙin nan suke. Da su jiki yake gane nasa, da su kuma yake gane baƙo. Kai da kanka kana karanta wannan tsaga duk ranar da ka yi gwajin rukunin jini. Mai rukunin O yana da wata sarƙa a kan jajayen ƙwayoyin jininsa. In aka ƙara mata galaktos guda ɗaya a ƙarshe, ya zama B. In wani ɗan'uwan galaktos aka ƙara, ya zama A. Ƙwayar sukari ɗaya tak, amma in ka yi kuskure ka ba mai O jinin B kana iya kashe shi. Riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Sauro yana cizo ya tashi cikin minti ɗaya ko biyu. Kaska mai tauri kuwa zama take yi, kwana da kwanaki, wani lokaci fiye da mako. Tana manne bakinta da wani abu mai kama da siminti, tana tsotsa tana tofa miyau, tana tsotsa tana tofawa. A cikin wannan ɗan rami jama'a uku suke haɗuwa: ƙwayoyin jikin wanda aka ciza, da miyan kaska, da ƙwayar cutar da ta ɗauko. Kowannensu da tsagarsa, kuma kowannensu yana ƙoƙarin karanta ta ɗan'uwansa.

Na fi sanin abin ta wajen shanu, don haka bari in fara da su. In aka kawo saniya jikinta ya yi zafi rau, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi ja kamar zoɓo, nakan tsaga bakin kunne in ɗiga jini a gilashi, in shafe shi siriri, in rina. A ƙarƙashin madubi sai ka ga jajayen ƙwayoyin sun bazu kamar kwabbai, a cikin wasu kuma ga abu biyu masu siffar ɗigon hawaye sun haɗa kai. Babesia ke nan. Victor Babes ne ya fara ganinta a shanun Romaniya a 1888, sannan a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke ɗaukarta daga saniya zuwa saniya. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa ƙwaro mai shan jini yana yaɗa cuta, tun kafin a kama sauro da laifin zazzaɓi. To ta yaya Babesia take gane jar ƙwayar jini a cikin duk abin da ke yawo a jijiya? Da sayalik asid. Jar ƙwaya tana ɗauke da furotin masu yawan gaske da ƙarshen sarƙarsu sayalik asid ne. Masu bincike sun ɗauki jini, suka aske wannan sukari da wani enzayim, wato furotin mai yanka ko ɗinka sinadarai, suka zuba Babesia a ciki, sai shigarta ta ragu ƙwarai. Ƙwayar jinin tana nan yadda take, tsagar kawai aka goge, baƙuwar ta kasa gane ƙofa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda 'yar'uwarta ce ta nesa, ita ma tana da hannun da take kama wannan sukari da shi.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Anaplasma. Mu a nan mun san ta shanu, wadda Arnold Theiler ya bayyana a Afirka ta Kudu a 1910: ɗan ɗigo baƙi a gefen jar ƙwaya, saniya ta rame, idonta ya yi ruwan shawara, fitsari kuma bai yi ja ba. Tana da 'yar'uwa mai kama mutane, da aka fara ganowa a jihohin Minesota da Wiskonsin na Amurka a 1994. Ita wannan a cikin farar ƙwayar jini take zama, kuma cikin irin wadda aikinta shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta ta narkar da su. Ɓarawo ne ya kama ɗaki a barikin soja.

Ga yadda take shiga. Farar ƙwaya tana gudu cikin jini, in ta zo kusa da inda aka ji ciwo dole ta taka birki ta fita daga jijiya. Birkin nata wata 'yar sarƙa ce ta sukari huɗu, cikinsu har da fukos da sayalik asid, a dashe kan wani furotin. Bangon jijiya yana da ƙugiyoyin da ke kama wannan sarƙa, sai farar ƙwayar ta riƙa mirginawa a hankali har ta tsaya. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Minesota suka nuna cewa wannan sarƙa da wannan furotin su ne ainihin abin da Anaplasma ke kamawa. Ka lura da hikimar da ke ciki. Kaska ta yi rauni, raunin ya kira fararen ƙwayoyi, sun zo da birkinsu a waje, Anaplasma kuma tana bakin rami tana jiran birkin. Jiki ba shi da halin daina yin wannan sarƙa, domin yaran da ake haifa ba sa iya ɗora fukos a kanta cututtuka ne ke cin su ba ƙaƙƙautawa. Daga baya, a 2010, aka gano cewa ko a cikin cikin kaska ma fukos ɗin take nema. Da aka kashe ƙwayoyin gadon da kaska ke ɗora fukos da su, sai Anaplasma ta kasa kama zama sosai a jikinta. Sukari iri ɗaya, a ɗaure iri ɗaya, yana buɗe mata ƙofa a gida biyu da ba su da wata kama da juna.

Sai cutar Laim, wadda aka sa wa sunan wani gari a jihar Konetikat inda aka ga yara da yawa da kumburin gwiwa a 1975. Cutar ƙasashen sanyi ce, Amurka da Turai da arewacin Asiya, amma darasinta ya shafe mu. Ƙwayar, wadda Willy Burgdorfer ya bayyana a 1982, siririya ce mai murɗe kamar igiya. Tana da furotin da ke kama wasu dogayen sarƙoƙin sukari da ke tsakanin zaren fata da jijiyoyin gaɓoɓi, shi ya sa take son fata da gwiwa. Abin mamakin yana cikin kaska. Can tana iya yin watanni babu jini, babu gulukos, sai ta koma kan abin da ke akwai. Kaska tana shimfiɗa wa hanjinta wani tantani mai kaitin, irin abin da ɓawonta yake da shi, kuma ƙwayar tana iya cin gutsattsarinsa. A 2021 Brandon Jutras da abokan aikinsa a jihar Bajiniya ta Amurka suka nuna cewa har a cikin bangon jikinta take saka wannan gutsure na sukarin kaska, kuma yana taimaka mata ta riƙe murɗewar da take huda nama da ita. Tun kafin nan, a 2019, an sami gutsattsarin bangon nata a cikin ruwan gwiwar masu cutar, har bayan sun gama shan magani. Ƙwayar ta mutu, ɓaraguzanta suna nan, garkuwar jiki kuma ba ta daina faɗa da su ba.

Jiki ma yana da masu karanta tsaga. Akwai wani furotin a jini da ke kama duk abin da ya ga an jera masa mannos irin na ƙwayoyin cuta, in ya kama sai ya kira sauran su farfasa shi. A 2011 aka gano cewa miyan kaskar da ke ɗaukar Laim yana da abin da ke toshe wannan furotin. Don kare kanta take yi, amma duk wanda ta goyo ya sami lema. Bairos kuwa ba ya iya yin sukari da kansa, rigar gidan da ya fito yake sawa. Wanda ya fito daga jikin kaska yakan zo da riga mai yawan mannos, a fatar mutum kuma akwai ƙwayoyin tsaro masu cafke mannos, sai cafkewar ta zama masa hanyar shiga. An nuna haka a wasu bairos na kaska, har da mai haddasa wani mugun zazzaɓi da aka gano a Sin a 2009. Na zazzaɓin Kirimiya da Kwango, mai sa zubar jini, wanda kaskar nan mai ƙafafu zobe-zobe ta jikin raƙuma da shanun Sahel ke ɗauka, shi ma wani sashe na furotin ɗinsa a lulluɓe yake ruf da sukari.

Tunda ɗakin gwaji za ka zauna, ga wani abu da zai yi maka amfani. Gwajin Widal da ake yawan yi a asibitocinmu, wancan harafin O da ke jikin takardar sakamako sarƙar sukari ce ta bayan bakteriya. Bakteriya daban-daban kan yi tarayya a irin wannan sarƙa, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa gwajin yake yawan nuna taifot inda babu ita. Tsohon gwajin Weil da Felix na 1916, wanda aka daɗe ana neman zazzaɓin kaska da na ƙwarƙwata da shi, a kan wannan ruɗanin aka gina shi da gangan: sukarin wata bakteriya mai sauƙin nomawa ya yi kama da na mai cutar, sai aka riƙa amfani da ita a madadin.

Yanzu ga maganar nama. Da gaske ne.

Akwai wata sarƙa da ƙarshenta galaktos biyu ne a ɗaure ta wata fuska ta musamman. Ana kiranta alfa-gal. Saniya tana da ita, da rago, da akuya, da raƙumi, da doki, da zomo, da alade, kusan duk dabba mai shayarwa. Mutum ba shi da ita, haka ma biran Afirka da na Asiya. Ƙwayar gadon da ke yin ta tana jikinmu amma a kashe take. Tsuntsaye da kifi ma ba sa yin ta. Da yake baƙuwar tsaga ce a wurinmu, kuma wasu bakteriyar hanjinmu suna ɗauke da ita, kowannenmu yana da antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama baƙo, masu yaƙi da ita tun yana ƙarami. Uri Galili da abokan aikinsa ne suka bayyana su a 1984, kuma sun kai kusan kashi 1 cikin 100 na duk antibodin da ke jini. Su ne babban dalilin da ya sa in aka dasa wa mutum ƙodar dabba takan yi baƙi ta mutu cikin mintoci ko 'yan sa'o'i, shi ya sa aladun da ake gwajin dashe da su yanzu sai an kashe musu wannan ƙwayar gado tukuna. Duk da haka muna cin nama lafiya lau, domin irin waɗannan antibodi ba su ne masu tayar da borin jini ba. Masu tayar da shi wani aji ne daban da ake kira IgE.

Yadda aka gano haɗin abin da kaska ya faro ne daga maganin sankara. A 2004 aka amince da wani magani mai suna cetuximab a Amurka. Ba a jima ba likitoci a jihohin kudu maso gabas suka ga abin da ya ɗaure musu kai: wasu majiyyata, a allurar farko, cikin mintoci, numfashinsu yana sarƙewa, jininsu yana faɗuwa. A ƙa'ida jiki ba ya bori kan abin da bai taɓa gani ba. Thomas Platts-Mills da ayarinsa a Jami'ar Bajiniya suka bi diddigi, suka gano cewa da ƙwayoyin halittar ɓera aka haɗa maganin, sun kuma manna masa alfa-gal, mutanen kuwa suna da IgE a kanta tun kafin a yi musu allura. A rahoton da ya fito a 2008, kusan mutum 1 cikin 5 na masu lafiya da aka gwada a jihar Tenesi ta kudu maso gabas yana da shi, a birnin Boston na arewa maso gabas kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Me ke Tenesi da babu a Boston? Da suka ɗora taswirar masu borin kan taswirar cututtuka, sai ta zo daidai da yankin wata kaska da macenta ke da farin ɗigo ɗaya a baya, Amblyomma americanum. A can Sidni ta Ostareliya kuma, likita Sheryl van Nunen ta riga ta lura tun 2007 cewa cikin mutum 25 da suka zo mata da borin nama, 24 kaska ta taɓa cizonsu. Daga baya aka sami alfa-gal ɗin kanta a miyan kaskar, aka kuma nuna cewa wata kaskar tana da enzayim ɗin da take ƙera ta da kanta.

Abin da ke faruwa shi ne, sukarin da hanji ya saba gani cikin lumana, yanzu ya shigo ta fata, cikin rauni, tare da miyau mai jan garkuwar jiki zuwa irin faɗan da take yi da tsutsa da ƙwari. Sai jiki ya sauya masa aji, ya fara yi masa IgE. Daga ranar, duk tsokar da mutum ya ci tana ɗauke da tsagar abokin gaba.

Abin da ya sa cutar take ɓoyewa shi ne jinkiri. Borin gyaɗa ko na ƙwai kafin a sauke hannu daga kwano ya fara. Wannan kuwa sai bayan sa'a 2 zuwa 6. Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne cewa alfa-gal mai yawa a jikin kitse take, kitse kuma ba ya shiga jini kai tsaye daga hanji. Sai an ƙunshe shi, ya bi wata doguwar magudana, ya zubo cikin jijiya kusa da wuya. Ka ɗauka mutum ya ci balangu da ƙoda bayan isha'i, ya kwanta lafiya. Ƙarfe biyun dare ya farka yana susa, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, ciki yana murɗawa. Wa zai tuna da naman da aka ci tun ɗazu, balle kaskar da aka cire wata biyu da suka wuce? Wasu ma ciwon ciki da gudawa kaɗai suke yi, ba ƙuruje ko ɗaya. Kuma ba kullum yake tashi ba: ƙoda da kayan ciki da kitse sun fi tayar da shi, haka giya, da aikin ƙarfi bayan cin abinci, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce an sami fiye da mutum 110,000 da ake zargin suna da shi tsakanin 2010 da 2022, kuma adadin gaskiya zai iya kaiwa 450,000. A cikin ma'aikatan lafiya 1,500 da ta tambaya, kashi 42 cikin 100 ba su taɓa jin sunansa ba.

Koma kan misalin rukunin jini. Ƙarshen sarƙar B shi ma galaktos biyu ne a ɗaure ta wannan fuskar, fukos ɗaya ne kawai ya raba su da alfa-gal. Saboda wannan kama, jikin mai B ko AB ba ya ɗaukar alfa-gal baƙuwa sosai, kuma an lura cewa sun fi ƙaranci a cikin masu borin nama. Ragi ne, bai kai kariya ba.

A Afirka ma an tabbatar da shi. Likitocin Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun sami masu shi da yawa, har da yara, a ƙauyukan Gabashin Kef, suka tabbatar ta hanyar ba su nama a gaban likita. A karkarar Kenya kuma an sami yara masu yawa da IgE ɗin a jini alhali suna cin nama ba abin da ke samunsu. Wannan na biyun ka riƙe shi da kyau, domin zai hana ka zaluntar mutane: takardar gwaji ita kaɗai ba ta isa a hana mutum nama ba, sai labarinsa ya yi daidai da ita. A wurin mutanen da furotin ya yi wa ƙaranci, raba yaro da nama da nono ba bisa hujja ba shi ma cutarwa ce.

Akwai kuma fuskar alheri, kuma daga maƙwabta ta fito. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a lokacin da sauro ke tofo ta, tana ɗauke da alfa-gal. A 2014 ayarin Miguel Soares na Fotugal, tare da masu bincike a Mali, suka nuna cewa mutanen da ke da yawan antibodin alfa-gal na ajin IgM sun fi tsira daga kamuwa, ƙananan yara kuma su ne masu ƙarancinsa. Ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gadon, aka kuma sa musu bakteriya mai alfa-gal a hanji, da yawansu sauro ya cije su ba su kamu ba. Tsaga ɗaya ce, ajin antibodin da jiki ya aika mata shi ke raba kariya da bori. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancanta matasanmu masu bincike su sa ƙarfi, domin mu ne muke zaune da sauro da kaska da tsutsar ciki a lokaci guda.

Wanda ya ga alamun da na zayyana, sau biyu ko uku bayan cin jan nama, ya je wurin likita ya faɗi nama, ya faɗi sa'a, ya faɗi kaska. In aka tabbatar, kaza da zabo da ƙwai da kifi duk nasa ne. Karin maganar nan ta kaska da haushin kifi ta zo daidai a nan ma, don kifi ba shi da wannan sukari. Wasu suna jure nono da man shanu, wasu ba sa jurewa. Ya riƙa sanar da ma'aikatan asibiti, domin akwai magunguna da ake samu daga jikin dabba, kamar jelatin, da hefarin mai hana jini daskarewa, da maganin saran maciji da ake yi da jinin doki ko tumaki. Wanda maciji ya sara a ba shi maganinsa ba jinkiri, sai dai a ajiye adirenalin kusa. In numfashi ya sarƙe ko mutum ya yanke jiki ya faɗi, adirenalin ce magani, Piriton ba ya isa. IgE ɗin yakan ragu cikin shekaru in ba a sake cizo ba, sabon cizo kuma yakan mayar da hannun agogo baya.

Game da Baba da garkensa: in an ga kaska a jikinsa, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata kananzir ko man shanu a zauna jiran ta saki, domin kowane jinkiri ƙarin miyau ne. Ɗabi'ar nan ta cire kaska daga hantsar saniya a murje ta tsakanin farce biyu ita ce ta fi ba ni tsoro, saboda zazzaɓin Kirimiya da Kwango yana shiga ta jinin kaskar da aka fasa, kuma yana kashe tsakanin 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kwantar. Kaskar da aka cire, a jefa ta cikin gwangwani mai kananzir.

Kai kuma, ranar da aka kawo maka jinin makiyayi ko mahauci mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, ka duba ba ka ga ƙwayar cizon sauro ba, kada ka yi saurin ɗaga gilashin. Duba tsakanin ƙwayoyin jinin. A Senegal da Mali da Muritaniya akwai wata 'yar'uwar ƙwayar Laim da kaska mai laushi ke yaɗawa, wadda ke zaune a ramin ɓera cikin ɗaki, ta yi cizo da dare ta koma kafin gari ya waye. In an ɗebi jinin lokacin da jiki ke da zafi, ana ganinta da rinin da kake amfani da shi kullum, siririya, a murɗe kamar zaren da ya warware daga bakin zane. In ka gan ta, ka rubuta wa likita a takardar sakamako, ka kuma ƙara da cewa a tambayi majiyyacin inda yake kwana da irin dabbobin da yake taɓawa.